Manyetoskop ɗin babanmu

Ina yaro a Maraɗi babanmu ya tashi sayen manyetoskop don ya riƙa ɗaukar kokowa daga Télé Sahel. Iri biyu ke takara: Betamax na Sony da ya fito a 1975, da VHS na JVC a 1976. Kaset ɗin Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS awa biyu. Ya zaɓi VHS. Sai dai Nijar da tsarin SECAM take watsawa, Najeriya da PAL, na'urar Kano kan ba da hoto babu launi. Dole ya nemi mai karɓar duka biyun.

A 2016 aka daina ƙera na'urar. Kasetocin kuwa zafi da ƙura na cin su. Iyaye da malumai, mu kwashe su cikin ordinatar tun suna kunnuwa, yaranmu su gani.