Yadda Ake Shiga Makarantar Horon Malamai a Zamanin Da

Tambayoyi uku ne uban yaro kan yi in an ce za a kai ɗansa koyon malanta: wa ke zaɓe, wa ke biya, in ya gama kuma ina za shi. A zamanin En'e amsarsu duka ɗaya ce, watau En'e.

Asalin abin kuwa daga Katsina ne. Cikin 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka fara karatu a Kwalejin Horon Malamai, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta cikin 1922. Yaro ba ya rubuta takardar neman shiga. Malamansa na makarantar lardi su ke duba ƙwazonsa da halinsa, a kai sunansa gaban Sarki da Razdan, in sun yarda sai a ce ya yi shiri. Sau da yawa uban ba ya murna, don mutane na ganin karatun boko hanyar ɓata ce. Shekara biyar ake yi, da Turanci ake koyarwa, ci da sutura kuwa ba a wuyan uba suke ba. Ahmadu Raba ya shiga cikin 1926, da ƙafa ya tafi tun daga Sakkwato, ya fita cikin 1931 ya koma koyarwa a Midil ta garinsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita cikin 1933 ya koma Midil ta Bauci. Haka ƙa'idar take, En'en da ta aiko ka ita za ka koma ka yi wa aiki.

Amma fa waɗannan malaman Midil ne. Malamin elementare, wanda ke fama da 'yan yara a ƙauye, ƙofarsa dabam ce. Wajen 1930, da aka sake tsarin makarantu, aka buɗe wuraren horonsu a Katsina da Bauci da Toro, inda Hausa ce harshen karatu. Albashinsu kaɗan ne, sunansu bai cika shiga littattafai ba, alhali kuwa a hannunsu manyan nan duka suka koyi baƙi da wasali.

Cikin 1938 aka ɗauke Kwalejin zuwa Kaduna, mutanen Abakpa da sauran unguwannin Arewacin kogi suka zama 'yan gari ɗaya da ita. Nan Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu. Cikin 1949 ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yanzu.

Kaduna ta sake samun rabonta cikin 1976, shekarar da aka soma ilmin firamare kyauta, aka rasa isassun malamai, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa don horar da su suna bakin aiki. A wannan shekara kuma aka rushe En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Yanzu ɗan Abakpa da kansa ke cika takarda, shaidar NCE kuma ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake nema ga mai koyarwa a firamare.