Tarihin Kafuwar Kasuwar Malanbil

Tun kafin Nasara su sa ƙafa a ƙasar Dendi, ayarin fataken Kano da Sakkwato suna ƙetare kogin Kwara a wannan yanki, su bi ta Kandi da Jugu har Gwanja neman goro, saboda haka duk wanda ya ce Faransa ce ta kawo tijara nan bai yi wa madugai adalci ba. Abin da Faransawa suka zo da shi iyaka ce. Bayan yarjejeniyar da suka ƙulla da Ingila a 1898, wadda ta raba Bargu biyu, suka shimfiɗa mulkin Dahome har bakin ruwa, sai ƙauyen Tassi da ke daura da Gaya ya zama mashigi, daga bisani aka laƙaba masa sunan Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahome kafin yaƙin duniya na farko. 

Zamanin albarka ya soma ne da jirgin ƙasa ya taso daga Kwatano ya iso Farako a 1936, ya kuma tsaya nan bai ƙara gaba ba. Tsayawar nan da wasu suke ɗauka naƙasu ita ta zama arzikin Malanbil, gama dole a sauke kaya a ɗora wa manyan motoci, su haura arewa da gishiri da yadi da kananzir, su gangaro da gyaɗar Nijar, kuma kowace mota sai ta jira a bakin kogi, inda akwai jira kuwa akwai mai tuwo da ɗan dako da dillali da fatoma. Da aka gama gada a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959, rumfuna suka yawaita, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarbawa suka haɗu a mu'amala guda, ana ba da bashin buhu ɗari bisa amana ba tare da takarda ba, har kasuwar ta zama wadda ake ambata bayan Dantokpa ta Kwatano.

An yi 'yar tsama tsakanin Dahome da Nijar a 1963 kan tsibirin Lete, irin wadda ba a rasawa tsakanin maƙwabta, kotun duniya kuma ta yanke hukunci a 2005. Haka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Motoci sun yi jerin gwano, albasa ta ruɓe, amma masu kwalekwale suka ɗauki nauyin da gada ta ajiye, masara da doya da garin rogo suka ci gaba da isa Gaya.

Haƙiƙa mahukuntan Yamai da Kwatano, har da na Kabi da mutanen Kamba suke cin wannan kasuwa, ya wajaba su dubi sha'aninta da idon basira: a gina rumbunan ajiyar albasa, a kange ambaliyar da ke cin unguwannin bakin kogi da damina, a rage shingayen da ke tatsar direba tsakanin Kandi da Doso.