Maleshiya: Tarihin Wariya Wajen Ɗaukar Aiki Tsakanin Malay da 'Yan Asalin Sin



'Yan uwa matasa, da yawanmu idan aka ambaci Maleshiya, dogayen gine-ginen Kwala Lamfur da jami'o'inta ne ke zuwa mana a rai. Amma akwai wani tsohon miki a ƙasar da bai warke ba: sunan mutum kan yanke masa hukunci tun kafin a duba takardunsa.

Asalin lamarin yana komawa ne ga mulkin mallakar Ingila. Turawa sun raba sana'o'i bisa ƙabila: 'yan asalin Sin a haƙar kuza da fatauci cikin birane, Indiyawa a gonakin roba, Malay kuwa aka bar su a ƙauye da noman shinkafa da su, in ban da 'ya'yan sarauta da aka gina wa kwaleji a Kuwala Kangsar a 1905. Da aka samu 'yancin kai a 1957, sashe na 153 na kundin tsarin mulki ya ba Malay matsayi na musamman a aikin gwamnati da tallafin karatu da lasisin kasuwanci. Sashe na 160 kuma ya sanya Musulunci cikin sharuɗɗan zama Malay, don haka duk gardamar aiki sai ta ɗauki launin addini, ko da ba shi ne tushenta ba.

Bayan rikicin 13 ga Mayun 1969, wanda alƙaluman gwamnati suka ce ya ci rayuka 196, gwamnatin Tun Abdul Razak ta ƙaddamar da Sabuwar Manufar Tattalin Arziki a 1971. Burinta shi ne Malay da sauran 'yan ƙasa na asali su mallaki kashi 30 cikin ɗari na hannun jarin kamfanoni, alhali a 1970 ba su kai kashi uku ba. Babu shakka ta fitar da ɗimbin jama'a daga talauci. Sai dai aikin gwamnati ya zama kusan na Malay zalla, su kuma 'yan asalin Sin suka ƙara riƙe kamfanoni masu zaman kansu gam.

A nan ne abin ya yi tsami. A binciken da Lee Hwok Aun da Muhammed Abdul Khalid suka wallafa a 2016, sun aika takardun neman aiki na ƙirƙira sama da 3,000 zuwa guraben injiniyanci da akanta. An kira kimanin kashi 22 cikin ɗari na masu sunan Sin, an kira kashi huɗu kacal na masu sunan Malay. Wasu masu kamfanoni kan ce jin harshen Mandarin suke buƙata, wasu kuma suna zargin cewa digirin Malay na alfarma ne. A ganina wannan ne mafi muni, domin gatan da aka yi don ɗaga Malay ya koma hujjar raina ƙwazonsa, shi kuma ɗan Sin yana kafa hujja da ƙofar gwamnati da aka rufe masa. Kowane ɓangare yana da koke na gaskiya, kuma kowanne yana fakewa da nasa.

A 2018 gwamnati ta janye daga shirin amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariyar launin fata, saboda adawar ƙungiyoyin Malay. Gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki a Janairun 2023 ya ba hukuma ikon binciken wariya tsakanin ma'aikaci da mai kamfani, amma bai haɗa da wanda yake neman aiki ba tukuna.