Tanadin Ƙarfin Jiki Domin Jure Jinya a Shekarun Tsufa: Nazari a Kan Ƙaramar Hukumar Ungogo

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke sa wani dattijo ya jure tiyata ko doguwar jinya, sa'ansa kuma ya kasa. Ta auna sauyin rayuwar manoman Ungogo da ma'aunan Hukumar Lafiya ta Duniya, ta nuna cewa ƙarfin jure magani abu ne da ake tarawa tun da sauran ƙuruciya.

1.0 Gabatarwa

Ungogo na arewa da birnin Kano, da mutum 369,657 a ƙidayar 2006. Tana cikin yankin noma mai cunkoson jama'a da masani Michael Mortimore ya nazarta tun shekarun 1960. A yau birni ya cinye gonaki da dama a Rijiyar Zaki da Bachirawa, sun koma fuloti. Magidancin da ya saba yini da fartanya ya koma zaman shago ko hawan babur.

2.0 Abin da Likita Ke Dubawa

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda a 2002, da Asibitin Murtala duk suna kusa. Amma isa asibiti daban, cancantar aiki daban. Kafin a yi wa dattijo aikin ƙaba ko na mafitsara, sai an auna bugun jininsa, sukari, yawan jini da lafiyar ƙoda. Awon da ya kai 140/90 hawan jini ne, kuma yakan daɗe a jiki babu alama. Idan ya yi tsanani, ko jini ya yi ƙaranci, akan ɗage aikin, ciwo kuwa ba ya jira.

3.0 Inda Ƙarfin Ke Zubewa

Na farko, tsoka. Daga shekara 30 takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma zama na gaggauta raguwar. Mai ƙarancin tsoka yakan daɗe bai tashi daga gadon asibiti ba, abin da ke jawo ciwon huhu da gyambon kwanciya. Na biyu, cima. Tuwon dawa ba wake, ba gyaɗa, ba nono, yana cika ciki amma ba ya gina jikin da zai haɗe rauni. Ga gishiri da dunƙulen miya, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a yini. Na uku, ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ake saye a kemis ana sha kullum. Suna cin ƙoda a hankali, ita kuwa ƙoda ita ke tace magunguna da yawa.

4.0 Shawarwari

Wanda ya ajiye noma ya musanya shi da tafiyar ƙafa ta aƙalla minti 150 a mako. A mayar da wake, ƙuli-ƙuli, zogale da rama cikin kwanon dattijai. Mai shan taba ya daina aƙalla mako 4 kafin tiyata, domin hakan na rage matsalar huhu da ta rauni. Asibitocin mazaɓu, daga Fanisau zuwa Rangaza, su riƙa kai awon jini kasuwanni da ƙofar masallatai, su kuma isa ga mata a cikin gidaje.

5.0 Kammalawa

Manomin Ungogo ya san ba a cika rumbu da bazara, tun kaka ake yi. Haka jiki yake: abin da mutum ya tara yana ɗan 40 shi likita zai tarar ranar da ya kai 70.