Alhaji Abubakar Imam: Aro da Gwaninta a Rubutun Zube na Hausa



Maƙasudin wannan maƙala shi ne a waiwayi gudummawar marigayi Alhaji Abubakar Imam ga adabin Hausa, kuma a dubi wani zargi da akan yi masa, wato cewa yawancin labaransa aro ne. Karrama marubuci ba ta cika sai an fuskanci irin wannan magana da gaskiya.

An haifi Imam a Kagara a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, daga nan ya zama malami a Midil ta Katsina. Yana cikin koyarwa ne a 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ganin hazaƙarsa ya sa East ya nemo shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku.

To, a nan ne maganar aro ta taso. Gaskiya ne cewa Imam ya ɗebo daga Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu, Grimm, da labaran Indiya, inda aka daɗe da sanin aku mai ba da labari don ya hana wani fita. Haka kuma manazarta sun nuna alaƙar Ruwan Bagaja da Maƙamatul Hariri. Babu amfanin musun wannan.

Amma abin tambaya shi ne, me ya yi da abin da ya aro? Kafin zamaninsa, ƙarfin rubutaccen adabinmu yana ga waƙa, cikin ajami. Labari kuwa a baka yake. Boko sabo ne, jama'a na ɗari-ɗari da shi. Imam ya ɗauki Hausar zaure da ta fada da ta kasuwa, ya zuba ta a takarda ba tare da ta rasa armashinta ba. Ya sa wa baƙin labarai rawani da babbar riga, ya ba su sarki da waziri da alƙali da dogari, ya ƙawata su da karin magana da kirari da barkwanci. Wanda duk ya karanta dambarwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ba ya jin ƙamshin baƙunta ko kaɗan. Hatsin na wasu ne, amma tuwon nasa ne.

Wannan salo ya kai shi ga aikin jarida. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta Bahaushe na farko. Ta wannan jarida talaka ya saba da karatun boko, ya kuma sami kafar kai kuka. A 1943 ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ya kuma bayyana abin da ya gano a Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Allah ya yi masa rasuwa a 1981. Abin da ya rage gare mu malamai shi ne mu daina ɓoye wa ɗalibai tushen labaransa don tsoron kada darajarsa ta ragu. Mu ajiye labarin asali kusa da nasa, su kwatanta da kansu, su ga abin da ya zubar da abin da ya ƙara. A nan ne za su gane girman aikinsa.

Allah ya jiƙansa da rahama, amin.