Kaka ta lungun shago

A shagona na buga takardu a Bagudo akwai wata kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, yaran shago suna ce mata Kaka. Ba a kunna ta sai da dalili, dalilin kuwa kusan kullum ɗaya ne: wani ya zo neman tsohuwar takarda, sababbin na'urori sun ce ba su san zancen ba.

Na shiga sana'ar nan a ƙarshen zamanin tafireta, lokacin da muke buga k da d da b, sannan mu bi da biro muna yi musu ƙugiya. Da kwamfuta ta zo, ita ma ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. A shekarun 1990 ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera salon haruffa masu ƙugiya, ya sa musu suna Rabi'at da Abdalla. Sun yi wa masu buga Hausa rana. Sai dai irin waɗannan haruffa na lokacin aron gurbi suke yi: a zana ƙ a mazaunin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Ido yana ganin ƙ, amma a cikin fayil tsohuwar alamar ce ke zaune. Ka kai shi kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai maigida ya dawo gurbinsa, rubutu ya zama shirme.

Zama a bakin iyaka ya nuna mini bambancin. 'Yan kasuwa kan shigo daga Segbana ta Tsamiya da takardun Faransanci, kuma wasulansu masu alama a ka sukan fito garau, don tun farko an tanadar musu gurbi. Namu baƙaƙen sai da tsarin Unicode ya yaɗu suka samu zama na kansu a wayoyi da kwamfutoci.

Shafukan littafi da katin biki kuwa da PageMaker muke tsarawa. Kamfanin Aldus ya fito da ita a 1985, Adobe ya saye kamfanin a 1994, fitowa ta 7 a 2001 ita ce ta ƙarshe. InDesign da ta gaje ta tana buɗe fayilolinta har zuwa fitowar CS6, waɗanda suka biyo baya suka daina. Ban ga laifinsu sosai ba. Duk tsohon tsarin da manhaja ta ce tana karɓa, sai masu gwaji sun sake jarraba shi a kowace sabuwar fitowa, kuma wannan aiki kuɗi yake ci. Mu ne muka yi sakaci, muka ƙi juya fayiloli tun ƙofa na buɗe.

Yanzu ni ma ina da gwajina. Kafin in sa sabuwar manhaja a shago, sai na ba ta fayil uku: wasiƙar Hausa, rasit na Faransanci, da katin ɗaurin aure. Kwanan baya wani dattijo daga Illo ya zo neman tarihin gidansu da na buga masa tun tuni.

"Ɗan nan, yana nan kuwa?"

"Yana nan, Baba. A ɗan jira a tada janareto."

Kaka ta yi gurnani ta tashi. Kwana biyu muka yi muna canja ƙugiya ɗaya bayan ɗaya.