Hijra na Indiya: Yadda Dokar 1871 Ta Mayar da Masu Sa Albarka Masu Laifi

Wannan makon mun leƙa Indiya, wurin mutanen da ake kira Hijra. Jama'a ce da al'ummarsu ba ta lissafa su cikin maza ko mata. Yawanci an haife su maza ne, wasu kuma mata-maza, amma shigar mata suke yi. Akwai Hindu cikinsu, akwai Musulmi.

Suna zama gida-gida ƙarƙashin babba da ake kira guru, almajiransa kuma chela. Sana'arsu ta gado ita ce badhai: in an yi haihuwa ko aure, su je su yi waƙa da rawa, su sa albarka, a ba su tukuici. A wasu masarautun Maratha har filaye aka ba su, da izinin karɓar sadaka.

Da Turawan Ingila suka kafu, sai labari ya sha bamban. A 1871 suka kafa dokar ƙabilu masu laifi, sashenta na biyu ya shafi waɗanda suka kira bābānni. A lardunan arewa 'yan sanda suka shiga rubuta sunayensu. Duk wanda ke cikin rajista aka gan shi a titi da kayan mata ko yana rawa, ana iya ɗaure shi har shekara 2. An hana su riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara 16, an hana su yin wasiyya. Mu lura da dabarar: an toshe hanyar abinci, an yanke magada, don jama'ar ta ƙare da kanta.

Ba su ƙare ba. A 1911 aka cire sashen, amma ƙyamar ta zauna. Sai a 2014 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da su a matsayin jinsi na uku.

Darasinmu a nan shi ne, akasarin takardun wancan zamani masu farautarsu ne suka rubuta. Mu ma idan za mu sa ɗan daudu a labari, ko da yake tarihinsa daban ne, mu tambayi kanmu: mun san sana'arsa da gidansu, ko abin dariya kawai muke nema? Yarda da halin mutum daban, faɗin gaskiya a kansa daban.

Muna jiran ra'ayoyinku.